Inda Ɗalibanmu Ke Tuntuɓe Idan Za Su Yi Tambaya da Turanci

Akwai wani kuskure na Turanci da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a makarantunmu na jihar Kebbi, tun daga firamare har jami'a. Yaro zai rubuta *She knows the answer* daidai, ba gyara. Ka ce ya mayar da ita tambaya, sai ya kawo maka *Does she knows the answer?* Wanda ya iya *They went to Jega* shi ne zai tare ka da *Did they went to Jega?* Haka kuma za ka ji *Where is your parents?* daga bakin wanda ya san sarai cewa iyaye biyu ne. Ba yara kaɗai ba, ana jin irinsa a wurin ganawar neman aiki, ana ganinsa a takardun ofis, har a bakin wasu masu riƙe da alli.

Malaman Turanci suna kiran wannan babi konkod, wato jituwar da ake so a samu tsakanin aikau, mai yin aikin ke nan, da aikatau, kalmar da ke nuna aikin. Kowane littafin sakandare yana da shi, kuma kowace shekara sai an bi ta kansa. Sai dai kusan duk misalan da ake bayarwa na jimlar bayani ne, aikau a gaba, aikatau na biye da shi. Jimlar tambaya kuwa akan bar ta, a kan cewa wanda ya iya waccan ya iya wannan. Ba haka abin yake ba. Tambaya tana birkita tsarin jimlar Turanci, kuma a cikin birkicewar ne yaro ke rasa inda zai aje alamar da aka koya masa. Abin da ya fi damuna shi ne, makullin matsalar yana cikin Hausar da yaron ya tsotsa a nono, amma ba a cika nuna masa ba.

Ita jituwar Turanci ba wani dogon abu ba ce. Idan ana faɗin abin da aka saba yi, kuma mai yin tilo ne, ba ni ba, ba kai ba, wani ne can, to sai a liƙa wa aikatau *s*: *he farms*, *Binta cooks*. Aikatau *be* shi ne mai yawan riguna, *am*, *is*, *are*, *was*, *were*. Sai *has* da *have*, sai *does* da *do*. Irin su *can*, *will*, *must* da *should* ba ruwansu da ko waye aikau. Idan aiki ya shuɗe ma haka, *went* ce ga kowa da kowa. Abin da ke ruɗa mai koyo tun daga nan shi ne *s* ɗin nan tana da fuska biyu: a jikin suna tana nufin yawa, a jikin aikatau tana nufin ɗaya. *The boy plays*, amma *the boys play*. Ga kuma matsalar furuci. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a jere, don haka ƙarshen kalmomi irin su *wants* da *asks* yana yi wa harshenmu nauyi, kunnenmu kuma bai saba kama shi ba. Yaro da yawa a takarda kawai ya san *s* ɗin. Ya sha ja da jan biro a kanta, har ya ƙudurce a ransa cewa duk inda ya ga *he* ko *she*, to ya manna ta, ya huta.

Yanzu a zo ga tambaya. Bahaushe ba ya motsa kalma ko ɗaya idan yana neman amsar e ko a'a. "Audu ya tafi" da "Audu ya tafi?" muryar ce kawai ta bambanta su, ko a ƙara "shin" a farko, ko "ko" a ƙarshe. Daidaitaccen Turanci kuwa sai ya ɗauko mataimakin aikatau na farko, irin su *is* ko *have*, ya tsallakar da shi gaban aikau. *Musa is coming* ta koma *Is Musa coming?* *The girls have eaten* ta koma *Have the girls eaten?* Idan mataimakan sun kai biyu ko uku, na farkon ne kaɗai ke tsallakawa, kuma shi kaɗai ke jituwa da aikau: *Has the rice been harvested?*

Rigimar tana tasowa ne idan jimlar ba ta da mataimaki ko ɗaya, kamar *She knows*. A nan Turanci yakan yo aron *do*. Shi *do* ɗan dako ne: da zarar an kira shi, duk kayan da ke kan aikatau, alamar tilo da alamar lokaci, shi zai ɗauka, mai kayan ya biyo shi hannu rabbana. *Knows* ta sauke *s*, *do* ya ɗauka ya zama *does*, abin da ya rage shi ne *know*. *Went* ta sauke shuɗewarta, *do* ya zama *did*, aka bar *go*. Mai cewa *Does she knows* ko *Did they went* ya ɗora kaya ɗaya a kai biyu. Doka guda ce, kuma ita ce ke aiki a jimlar korewa, *She does not know*: a cikin kowane rukunin aikatau, kalmar farko ce kaɗai ke ɗauke da jituwa da lokaci.

Yana da kyau malami ya san cewa su kansu Turawan ba da wannan tsari suka fara ba. Shekaru ɗari biyar da suka wuce, mutumin Ingila yana iya cewa *Know you this man?* ko *Went he home?*, ya jefa aikatau ɗin kansa gaba, kamar yadda Jamusanci ke yi har gobe. A ƙarni na 16 ne *do* ya bazu a cikin tambayoyi, ya yi ta gogayya da tsohon tsari, kafin wajajen 1700 ya kafu. Wani masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya bi diddigin wannan sauyi a tsofaffin rubuce-rubuce a wani nazari da ya fitar a 1953. Tsohon tsarin bai mutu gaba ɗaya ba. Shi ya sa ake cewa *Are you ready?* ba tare da *do* ba, kuma har yanzu akwai 'yan Birtaniya masu cewa *Have you any money?* Abin da ya ɗauki masu harshen kusan ƙarni biyu kafin su tsaya a kansa, ba laifi ba ne don ɗan Gwandu ko ɗan Bunza bai kama shi a darasi ɗaya ba.

To ina makullin da na ce yana cikin Hausa? Dubi waɗannan: Audu ya tafi, Binta ta tafi, yara sun tafi. Aikatau bai motsa ba, "tafi" ce a duka ukun. Abin da ke sauyawa shi ne 'yar kalmar nan da ke gabansa, wadda masu nahawun Hausa ke kira lamiri. Ita ke faɗa maka namiji ne ko mace, ɗaya ne ko da yawa, kuma ita ke ɗauke da lokaci: ya tafi, yana tafiya, zai tafi, yakan tafi. Aikatau na Hausa yana sauya kama, ba shakka, amma saboda abin da ke bayansa ne, ba don mai aikin ba: ya sayi doki, ya saye shi, abin da ya saya. Ke nan tsarin da Turanci ke komawa a kai idan zai yi tambaya, ƙaramar kalma ta ɗauki jituwa, aikatau ya tsaya tsirara, shi ne tsarin da Bahaushe ke magana da shi daga safe har dare. Jimlar bayani ta Turanci, mai manna *s* a wutsiyar aikatau, ita ce baƙuwa a wurinmu. Jimlar tambaya 'yar gida ce.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Hausa tana sauya lamiri idan tambaya ta zo da wa, me, ina, yaushe. Ana cewa "sun tafi", amma "ina suka tafi?" Ana cewa "suna zuwa", amma "yaushe suke zuwa?" Mu nan yamma abin ya fi fitowa fili, domin "sunka", "munka", "anka" muke cewa: "Ina sunka tahi?" Ba yaron Argungu ɗan shekara biyar da zai ce "ina sun tahi?", kuma ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Wanda kwanyarsa ta riƙe wannan doka mai sarƙaƙiya ba tare da allo ba, ba za a ce *does* ta fi ƙarfinsa ba.

A wani aji biyar na sakandaren 'yan mata a Birnin Kebbi na taɓa raba allo biyu. A dama na rubuta "Binta ta sani" da "Yara sun sani". A hagu na rubuta *Does Binta know?* da *Do the children know?* Na ja layi ƙarƙashin ta, sun, *does* da *do*, na yi shiru. Can wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu.

"Malam, ke nan aikin da *ta* ka yi shi na *does* ka yi?"

Na ce, "Kusan haka ne, ɗiyata. Ci gaba."

Ta ɗan yi jim, ta dubi littafinta inda jan biro ya zagaye wata kalma, ta ce, "Ashe in mutum ya ce *Does she knows*, kamar ya ce *Binta ta ta sani* na."

Aji ya ɗauki dariya, wasu suna maimaita "ta ta sani". Tun daga ranar, duk wadda ta ninka alamar, 'yan'uwanta ke riga ni gyara mata. Kamancen ba ɗari bisa ɗari ba ne, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibai haka: lamirin Hausa yana bambanta mace da namiji, *does* ba ya yi, sannan lamiri yana nan a kusan kowace jimla mai aikatau, shi kuwa *do* sai an kira shi. Amma ya isa ya sa yaro ya ji munin kuskuren a kunnensa, wanda haddar doka ba ta iya sa shi.

Matsala ta biyu daban take, ita ce ta *Where is your parents?* A jimlar bayani ka riga ka faɗi aikau kafin ka zaɓi aikatau. A tambaya kuwa dole ka zaɓi *is* ko *are* tun aikau bai fito daga bakinka ba. Ga shi kuma Hausa ba ta buƙatar aikatau a irin waɗannan tambayoyi: ina makulli, ina makullai, yaya gida, yaya yara. Saboda haka tun a firamare yaro ke haddace *where is* a matsayin dunƙulalliyar kalma mai nufin "ina", *how is* kuma "yaya". Bai san akwai wani abu a ciki da ke jiran a daidaita shi da abin da zai biyo baya ba.

Illar wannan tana bayyana a jarrabawa ta hanyar da ke ba ni takaici. Ɗan Bahaushe ba ya fara wasiƙa ba gaisuwa, kuma gaisuwarmu duk tambayoyi ce. Da an ce ya rubuta wa wansa ko kawunsa wasiƙa, sakin layi na farko zai cika da *How is your studies? How is your wife and children? How is the people at home?* A tsarin makin insha'i na WAEC, cikin maki 50 an ware 10 domin tsabtar rubutu, wato nahawu da ƙa'idar rubutu da alamomin tsayawa, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 sun share goman nan kaf. Ladabin yaro, wanda abin yabo ne, sai ya cinye masa maki ɗaya da rabi tun bai shiga maganar da aka tambaye shi ba. Kuma kowa ya san ba a shiga jami'a ba tare da kiredit a Turanci ba, ko a Aliero ne, ko a Birnin Kebbi, ko a Sakkwato.

Maganin wannan shi ne a mayar da tambayar bayani a zuci kafin a furta. *Your studies are fine*, don haka *How are your studies?* *Your wife and children are well*, don haka *How are your wife and children?* Wannan ta biyun ita ta fi kama mutane, saboda kalmar da ke maƙwabtaka da aikatau tilo ce, *wife*, sai kunne ya nemi *is*, alhali *and* ta riga ta mayar da su jam'i. Haka *Is Musa and Audu coming?* take, *are* ake so.

Abin sha'awa, akwai inda tambaya ta fi bayani sauƙi. Ɗauki *the price of onions*. A jimlar bayani ɗalibai kan rubuta *The price of onions are rising*, domin *onions* ce ke kusa da aikatau, ta ja hankalinsu, alhali farashin ne ke tashi, ba albasar ba. A tambaya kuwa mataimaki yana zuwa daf da ainihin kan maganar: *Is the price of onions rising in Aliero?* Amma da an sa *how many* ko *which* a gaba, sai tsohon tarkon ya dawo. *How many bags of rice are left?*, buhuna ake ƙirgawa. *How much rice is left?*, shinkafar ce, kuma Turanci ba ya ƙirga ta. *Which of the boys is your brother?*, ɗaya ake nema daga cikinsu. A wasan kamun kifi na Argungu za a tambaya *How many fish were caught?*, domin *fish* jam'i ce a nan ko da ba ta da *s*.

Akwai kuma kalmomin da lissafin Bature da namu suka saɓa a kansu, waɗanda ba dabara sai sabo. Wando ɗaya ne a wurinmu, almakashi ɗaya ne, amma *Where are my trousers?* da *Where are the scissors?* ake cewa. *News* ga ta da *s* amma tilo ce, *What is the news?* *Police* ba ta da *s* amma jam'i ce, *Have the police arrived?* *Everybody* tilo ce, kamar dai "kowa ya zo". *You* kuma, ko kai ne, ko ke, ko ku, kullum *are* da *were* da *do* take ɗauka.

*Who* da *what* suna da nasu hali. Idan mai aikin ake tambaya, ba a kiran *do* sam, domin *who* ɗin ita ce aikau kuma tana mazauninta: *Who teaches you English?* Idan wanda aka yi wa aikin ake nema, sai *do* ya dawo: *Who do you teach?* Mu muna da "wa ya zo" da "su wa suka zo", har da "wane ne" da "wace ce". Turanci ba shi da wannan wadata. Ko taro kake sa rai, *Who is coming?* ce tambayar da aka saba. To me ya sa ake cewa *Who are those men?* Domin a nan *those men* ne aikau, juya ta ka gani: *Those men are traders*.

Guntuwar tambayar da ake liƙawa a ƙarshen magana ma tana nan, kuma masu shirya tambayoyin zaɓi na WAEC da NECO da JAMB suna son ta. Bahaushe "ko?" ko "ko ba haka ba?" ta ishe shi a kowace magana, shi ya sa *isn't it?* ta zama ta kowa da kowa a Turancin Nijeriya. Daidaitaccen Turanci kuwa yana so a maimaita mataimakin jimlar da wakilin sunan da ya dace: *She sells fura, doesn't she?* *They have gone, haven't they?* Sai kuma tambayar da aka cusa cikin wata, inda komai ke komawa mazauninsa. *Where does he live?* daidai ce, amma *Do you know where he lives?* ake cewa. Ɗan dako ya tafi, *s* ta koma kan mai ita.

Gaskiya ɗaya da bai kamata a ɓoye wa ɗalibai ba ita ce, su ma 'yan Ingila da Amurka a hirar yau da kullum sukan ce *Where's the keys?* ko *How's things?* Yaran yanzu suna jin haka a waya, kuma idan malami ya ce ba Baturen da ke faɗin haka, sun san ba gaskiya ba ne. Abin da za a gaya musu shi ne akwai Turancin hira, akwai na takarda, kuma mai duba jarrabawa da mai karanta takardar neman aiki na takarda suke aunawa. Wanda ya ce *isn't it?* a kasuwar Jega bai yi wa kowa laifi ba, an kuma fahimce shi.

Tushen abin, a ganina, yana cikin yadda aji ke gudana. Malami ne ke tambaya, ɗalibi amsa kawai yake bayarwa. Yaro zai shekara shida a sakandare yana cike gurbi yana zaɓen A ko B, amma da wuya a ce ya ƙirƙiri tambaya tasa da Turanci ya furta ta. In tambaya ta kama shi da gaske, da Hausa zai yi ta, ko ya haɗiye ta don kada a yi masa dariya. A wasu makarantun kuma har tara ake ci ko a rubuta sunan mai yin Hausa, ta yadda malamin da ke son kwatanta *does* da "ta" sai ya ji kamar ya karya doka. Ban ce a koyar da Turanci da Hausa daga farko har ƙarshe ba, harshe sai da amfani yake zama a baki. Minti biyar na kwatance a inda ya dace nake nufi. Kwalejojin ilimi irin ta Adamu Augie da ke Argungu su ne ke yaye malaman firamare da ƙaramar sakandare, kuma a irin waɗannan kwalejoji akwai masu haɗa Turanci da Hausa a karatunsu. Su suka fi kowa cancantar a nuna musu nahawun harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa, maimakon kowanne a ɗakinsa.

A aji kuwa abin ba ya buƙatar kuɗi ko sabon littafi. A fito da yaro ɗaya gaba a matsayin dillalin albasa, ko manomin shinkafa a fadama, ko direban da ke jigila tsakanin Birnin Kebbi da Yawuri, sauran kowa ya jefa masa tambaya ɗaya da Turanci. Malami ya rubuta tambayoyin a allo yadda aka faɗe su, kada ya gyara. In an gama, aji ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayoyi biyu: wace kalma ce ke ɗauke da kayan, kuma in aka mayar da jimlar bayani, wane ne aikau? Ko aji ya kai mutum saba'in, ana iya raba shi layi-layi, kowane layi da ranarsa.